Na bi motar jagora zuwa igwogin Jamusawa na bakin tekun Normandi, ga yanda ta kaya

Assalamu alaikum jama'a. Kwanakin baya na samu hutun kwana 3 a wurin aiki sai na ce bari in cika wani buri da na daɗe ina ɗauke da shi, wato in je in gane ma idona gine-ginen nan na kankare da sojojin Jamus suka bari a bakin tekun Normandi tun yaƙin duniya na biyu, wanda tsofaffinmu ke ce ma yaƙin Hitila. Ni magini ne, shekarata 11 ina zuba kankare a Faransa, to duk abun da zan faɗa a nan da idon magini na kalle shi. Ɗan yayata da ke karatu a Caen shi ya kama mana wuri ta intanet a ɗaya daga cikin kamfanonin nan masu ɗaukar 'yan yawon buɗe ido daga garin Bayeux, suna da yawa a garin kuma kusan duk hanya ɗaya suke bi. Yawon yini guda ne, ƙaramar bas mai cin mutum 8, kuma kowannenmu ya biya sama da yuro 100 ba abinci a ciki. Gaskiya da na ji kuɗin sai da na ɗan ja tsaki, sabida wuraren da za a kai mu yawancinsu kyauta ake shiga, kuɗin mota da bakin jagora kawai kake biya. Amma ku biyo ni ku ji.

Daga Faris jirgin ƙasa ake shiga a tashar Saint-Lazare, awa 2 da ɗoriya kana Bayeux. Ni Caen na kwana wajen yaron, da sassafe muka ƙarasa. Motar ta zo a kan lokaci, tsaf-tsaf, jagorar mace ce 'yar yankin wadda za ta kai shekara 50, ita ce direba ita ce mai bayani, tana yi da Faransanci tana juyawa da Turanci sabida akwai Amurkawa 4 a cikinmu.

Wurin farko shi ne Longues-sur-Mer, kamar kilomita 8 arewa da Bayeux, kuma wallahi ko nan kaɗai aka kai ni aka dawo da ni ba zan ce na yi asara ba. Gonaki ne shimfiɗe a kan wani hayi mai tsayin kusan mita 60 daga ruwa, iska na kaɗawa kamar za ta ɗauke mutum, sai kawai ka hango ɗakunan kankare guda 4 a jere cikin gona kowanne ya buɗe baki yana kallon teku. Abun da ya bambanta nan da sauran wurare shi ne igwogin suna nan a ciki, na asalin, ba wasu aka kwaso daga wani wuri aka dasa don 'yan kallo ba. A galibin irin waɗannan wurare bayan yaƙi masu sayen ƙarafa sun yanke igwogin sun kai an narkar, ɗaki kawai za ka tarar fanko. A nan kam za ka ɗora hannunka a kan ƙarfen, sanyi ƙalau, tsatsa ta ɗan ci gefe-gefe, kana ganin inda ɓaraguzan bam suka huda garkuwar ƙarfen da ke kare masu harbi. Guda 3 suna tsaye da kamanninsu, ɗayan kuma ya tarwatse, rufin ya tsage, guntun bakin igwar na kwance a ƙasa cikin ciyawa.

Jagorar ba ta fara da labarin yaƙi ba, kuma nan ta burge ni. Ta fara da yanda abun ke aiki. Igwogin na sojan ruwa ne, faɗin bakinsu milimita 150, suna iya jefa harsashi mai nauyin wajen kilo 45 zuwa nisan kusan kilomita 20, wato daga nan suna iya kai wa jiragen ruwan da ke gaban bakin ruwan Omaha ta yamma da na Gold ta gabas, don wurin a tsakiyarsu yake. Omaha da Gold sunaye ne da sojojin ƙawance, wato Amurka da Birtaniya da abokansu, suka sa ma biyu daga cikin wuraren da suka sauka ranar 6 ga Yuni 1944 don ƙwato Faransa daga hannun Jamusawa. To amma masu harbin da ke cikin ɗakunan ba su ma ganin jirgin da suke harbi da kyau, sabida an ja ɗakunan baya cikin gona. Idonsu yana can gaba, mita 300 a bakin hayin, wani gini mai hawa 2 inda ake auna nisan jirgi a yi lissafi sannan a bugo waya ta igiyar tarho da aka binne a ƙasa a ce ku juya kaza ku ɗaga kaza. Sai ta sa muka taka da ƙafa daga igwogin zuwa wancan ginin don mu ji nisan a jikinmu, tana nuna mana cewa ruwan bama-baman da jiragen sama suka yi kafin ranar 6 ga Yuni 1944 bai iya fasa ɗakunan ba amma ya tsinke wayoyin. Ka ga ke nan an bar igwa lafiya lau an tsone mata ido. Da ni kaɗai na je da na wuce ginin nan ban san mene ne haɗinsa da sauran ba, sai in ɗauki hoto in yi gaba. To irin wannan ne kake biya ma kuɗi.

Ginin gaban shi ma abun kallo ne ga mai sana'ata, wani ƙaton faifan kankare ne aka ɗora a kan siraran sandunan ƙarfe guda 4 don a bar tsaga doguwa ta leƙen teku ba abun da ya tare ido, yau shekara sama da 80 yana nan a zaune bai sunkuya ba. Daga wurin idan ka dubi hannun dama za ka hango manyan akwatunan kankare a cikin ruwa wajen Arromanches, ragowar tashar jiragen ruwan da Turawan Ingila suka ƙera a ƙasarsu suka jawo ta teku suka haɗa a nan.

Ranar saukar sojojin ƙawance igwogin nan sun yi harbi tun da asuba, har suka sa jirgin Bulolo da ke ɗauke da kwamandojin ɓangaren Gold ya canza wuri, jiragen yaƙin Birtaniya Ajax da Argonaut suka mayar da wuta, akwai na Faransa ma Georges Leygues da Montcalm a fafatawar. Washegari 7 ga Yuni sojojin da ke wurin, su 184, suka miƙa wuya ga dakarun Devonshire na Birtaniya. An fara ginin a watan Satumba 1943, aka yi wata da watanni ana zuba siminti, amfaninsa a yaƙi yini ɗaya.

Yanzu bari in zo kan abun da ya tsaya mini a rai. Ana can ana ɗaukar hoto da igwa ni kuma na shige ciki ina shafa bango. Kaurin bangon mita 2, rufin ma haka, an jera ƙarafa a saman daga ciki don ko bam ya sauka a kai kada kankaren ya ɓarɓashe ya zubo ma mutane. Gefen bakin ɗakin an yi shi hawa-hawa kamar matakala don kada harsashi ya zame a jikin bango ya shige ciki. Daga waje an yi wa fuskar ramuka-ramuka da gangan don kada ta yi santsi ta yi ƙyalli a hango daga sama, ga ƙugiyoyin da ake rataya ragar ɓad da kama har yanzu suna nan. A baya akwai ƙananan ɗakuna 2 na ajiyar harsashi da albarushi. Duk wannan ba a nan aka ƙirƙiro shi ba, zane ne guda da Jamusawa ke ce ma Regelbau, kamar littafi ne mai lambobi, wannan samfurin M272 ne, duk inda aka buƙace shi a bakin teku haka za a zuba shi ba ƙari ba ragi, shi ya sa suka iya yin dubbai cikin ƙanƙanin lokaci. Amma abun da idona ya kasa bari shi ne shatin katako. Duk wanda ya taɓa kafa katakon zubi ya san idan aka cire shi yana barin zanensa a jikin kankare, to a bangon nan kana ganin kowane falanki, faɗinsa, jijiyar itacen, inda kulli yake, inda kafinta ya haɗa biyu bai daidaita ba ruwan siminti ya tsiyaye ya daskare. Na sa yatsa a wani layi inda ake ganin zubin ya ɗan tsaya aka ci gaba. Na san irin gajiyar da ke cikin wannan layin, irin zubin nan mai kauri ba a son a tsaya, dare da rana ake yi har a gama don kada ya rabu gida biyu. Yaron ya same ni a tsugune ya ce, "Kawu lafiya, me ka yar?" Na ce ban yar da komai ba, zo ka ga hannun mutane.

Sai na tambayi jagorar, na ce Madam su wa suka zuba wannan? Ta ɗan yi shiru sannan ta ce ba kasafai ake tambayarta haka ba, amma ta amsa kuma ta amsa da gaskiya. Hitila ya ba da umarnin ƙarfafa bakin teku ranar 23 ga Maris 1942, abun da aka sani da Ganuwar Atlantika, daga arewacin Norwe har iyakar Faransa da Sifaniya. Hukumar da ta yi aikin ita ce Organisation Todt, sunan injiniya Fritz Todt wanda ya mutu a haɗarin jirgin sama a Fabrairu 1942, Albert Speer ya gaje shi. Jamusawa su ne masu zane da sa ido, amma masu ɗaukar tsakuwa da ɗaurin rodi da tura baro yawancinsu ba Jamusawa ba ne. Akwai kamfanonin gini na Faransa da suka karɓi kwangila aka biya su, akwai leburorin da suka zo don albashi sabida yunwa, akwai kuma ɗimbin waɗanda aka tilasta, 'yan ƙasashen da aka mamaye, 'yan gudun hijirar Sifaniya, fursunoni daga gabashin Turai, har da mutanen arewacin Afirka. A ƙarshen 1943 aka turo Rommel, wani babban hafsan sojan Jamus, ya duba ganuwar ya ga da sauran aiki ja, sai aka ƙara matsa ma ma'aikata lamba a watannin ƙarshe. Duk wannan ta san shi, amma da ban tambaya ba da ba za ta faɗa ba don ba ya cikin jawabin da ta saba yi, kuma a ganina wannan shi ne babban giɓin yawon baki ɗaya. Ana gaya maka kaurin igwa da sunan jirgin da ya harbe ta da sunan kwamandan da ya kama wurin, amma abun da ya rage a tsaye wanda muka biya kuɗi muka zo gani ai aikin lebura ne, kuma shi ne ba a ambata. Minti 5 kacal zai isa a sa shi a cikin bayanin kowace rana.

Minti 45 aka ba mu a Longues. Bai isa ba sam. Ina cikin duba ɗaki na uku aka fara kiran a shiga mota.

Daga nan aka yi Omaha da maƙabartar Amurkawa ta Colleville mai kaburbura sama da 9,000, wurin na da kwarjini ba ƙarya, jiki na yin sanyi, kuma na fahimci dalilin da ya sa aka fi daɗewa a can don Amurkawan da ke cikinmu wannan ya kawo su, ɗaya daga cikinsu dattijuwa ce ta zo da furanni. Ba ni da ta cewa a kan wannan. Inda na ji haushi shi ne tsakar rana, an ajiye mu a wani wurin cin abinci da ke haɗe da shagon tsaraba aka ce awa ɗaya da kwata, alhali mu mun zo da guzurinmu minti 15 mun gama mun yi sallar azahar a gefen filin ajiye motoci, sauran lokacin muna zaune muna kallon masu sayen kofuna da huluna masu hoton tankar yaƙi. Da an rage rabin awa a nan an ƙara mana a Longues da ya fi mini sau goma. Na faɗa ma jagorar, ta ce ba ita ke tsara lokaci ba daga ofis ake ba ta, na kuma yarda da ita don duk yinin ban ga ta yi ƙwauron bayani ba.

Da yamma muka isa Pointe du Hoc. Nan labarin ya sha bamban, don idan Longues wuri ne da za ka ga yanda aka gina abun, nan wuri ne da za ka ga yanda aka rusa shi. Ƙasar gaba ɗaya ramuka ce, wani ramin bam ɗin zai haɗiye ƙaramar mota, ciyawa ta rufe su amma siffar na nan, ga gutsattsarin kankare masu girman ɗaki an watsar da su rodi ya fito ya murɗe kamar igiya. Ni da na san nauyin kubik ɗaya na kankare, sama da tan 2, na tsaya gaban wani ɓangare da aka cilla gefe na kasa magana. A nan ne sojojin Amurka na musamman da ake kira Rangers, su 225 ƙarƙashin Laftanar Kanar James Rudder, suka hau hayin dutse mai tsayin mita 30 da igiyoyi da tsani ana harbinsu daga sama, don su kashe igwogi masu milimita 155, waɗanda asalinsu ma na Faransa ne Jamusawa suka ƙwace. Da suka hau sai suka tarar babu igwogin a mazauninsu, an janye su baya sabida ruwan bam, sai daga baya 'yan sintiri suka gano guda 5 a ɓoye cikin wata gonar itatuwa suka lalata su. Bayan kwana 2 da aka kawo musu ɗauki kusan mutum 90 ne kawai suka rage masu iya riƙe bindiga. Tun 1979 Faransa ta miƙa kula da wurin ga hukumar Amurka mai kula da kaburbura da wuraren tunawa da yaƙi, shi ya sa za ka ga tsarin ya fi na Longues, akwai ɗakin baƙi da banɗaki da allunan bayani da hanyoyin da aka shata, kuma shiga kyauta ne.

Sai dai teku na cin wurin. A 2010 sai da aka yi babban aiki na ƙarfafa ƙarƙashin ginin leƙen da ke can bakin tsinin don kada ya rufta, aka sake buɗe shi a 2011, kuma a 2022 wani ɓangare na tsinin dutsen ya faɗa ruwa. Yanzu akwai wuraren da aka killace ba a bari ka matsa, wasu a cikin motarmu sun yi ta ƙorafi wai an hana su ɗaukar hoto mai kyau, ni kam ina bayan masu killacewar ɗari bisa ɗari. Ƙafar mutum dubu ɗaruruwa a shekara tana cin gefen rami kamar yanda ruwa ke ci. Kuma ko ba a taka ba kankaren bakin teku yana da ciwonsa, gishirin iska yana ratsawa a hankali ya kai ga rodi, rodin ya yi tsatsa ya kumbura ya tura kankaren daga ciki har ya ɓalle, na ga wannan a wurare da dama a ranar, jan ruwan tsatsa na gangarowa a bango. Mutane na ganin kauri mita 2 sai su ɗauka abun na har abada ne. Ba haka ba ne, idan ba a toshe tsagogi ana hana ruwa kwanciya a kai ba zai tafi, sannu a hankali dai amma zai tafi.

A hanyar dawowa muka yi ta hira da jagorar a kan ko ya ma dace a adana su. Ta ce lokacin tana yarinya ba wanda ke kallon su a matsayin kayan tarihi, kayan abokan gaba ne, abun tuna mamaya da wulaƙanci, yara na wasa a ciki manoma na ajiye kaya wasu an cika su da shara wasu an fasa. Longues ma sai 2001 aka sa shi cikin jerin gine-ginen tarihi da doka ke karewa. Na fahimci wanda zai ce a rushe, musamman wanda aka tilasta ma kakansa zuba shi. Amma ni ra'ayina a bar su kuma a kula da su, kada a yi musu fenti ko kwalliya, a bar tsagar da tsatsar da ramin bam ɗin. Mu da kakanninmu aka kwasa aka kai Bama, wasu aka sauke su a kudancin Faransa a watan Agusta 1944, yawancinmu labari kawai muka gada ba mu da wani bango da za mu dafa mu ce a nan ne. Su suna da shi, bai kamata su bari ya salwanta ba.

Washegari ni da yaron muka je Merville da kanmu ba jagora, gabas da Caen, don in kwatanta. Nan gidan tarihi ne sosai ana biyan kuɗin shiga amma ba mai yawa ba, an gyara ɗakunan 4 an zuba kayan tarihi a ciki. Sojojin laima na Birtaniya ne suka far ma wurin cikin dare kafin gari ya waye ranar 6 ga Yuni, bataliya ta 9 ƙarƙashin Laftanar Kanar Terence Otway, an sauke su wajen 600 amma iska da ruɗani suka warwatsa su kusan 150 ne suka haɗu, kuma haka suka kai harin, kusan rabinsu aka kashe ko aka raunata. Da suka shiga sai suka tarar igwogin ba masu milimita 150 ɗin da ake tsammani ba ne, tsofaffi ne ƙirar kamfanin Škoda masu milimita 100. A ɗaki na farko suna kashe fitila su saki ƙarar harbi da hayaƙi don ka ji kamar kana ciki a daren, ƙarar na da ƙarfi ƙwarai har cikin ƙirji, idan da ƙananan yara ko mai ciwon zuciya a yi hattara. Akwai kuma jirgin Dakota na gaske a wurin irin wanda ya ɗauko sojojin laima. Yaron nan Merville ta fi burge shi nesa ba kusa ba, ya ce "Kawu ai nan ne aka san an zo wuri." Ni kuma Longues ta fi kwanta mini, don a Merville allo da mutum-mutumi da gilashi sun rufe bangon ba na ganin shatin katakon sosai. Amma wanda zai je ba jagora, ko zai je da iyali, Merville ta fi sauƙin fahimta don komai a rubuce yake kuma ba mai kiranka ka shiga mota, mun yi awa 3 a ciki.

To ga mai niyyar zuwa. Idan kana da mota kuma kana jin Faransanci ko Turanci za ka iya zagaya Longues da Pointe du Hoc da kanka ba ka biya kuɗin shiga ba, amma ka yi karatu kafin ka je in ba haka ba kankare kawai za ka gani. Idan ba ka da mota motar jagora ce mafita don bas ɗin haya zuwa ƙauyukan nan ba ta da yawa, kuma kafin ka biya ka tambaye su ƙarara minti nawa za a yi a Longues, idan sun ce ƙasa da awa ɗaya ka nemi wani kamfanin ko ka ɗauki na rabin yini ka koma da kanka. Ka sa takalmi mai rufi don akwai taɓo, wasu ɗakunan ruwa na kwanciya a ƙasansu, ka riƙe rigar sanyi ko da rani ne don iskar hayin ba ta da wasa, ka cika cajin wayarka sabida tocila, ɗakunan harsashin duhu ne. Ka guji makon 6 ga Yuni sai dai in bikin tunawar kake son gani, cunkoso ne da rufe hanyoyi. Mai keken guragu zai iya bin hanyar gaban igwogin Longues amma shiga ginin leƙen zai yi wuya.

Makin da zan ba su 4 cikin 5. Jagorar ita kaɗai ta ci 5, motar da kiyaye lokacin tashi ba laifi, na cire ɗaya sabida rabon lokacin da kuma rashin ambaton waɗanda suka yi ginin sai an tambaya. Da za mu rabu a Bayeux na ba ta ɗan abun shan ruwa, ta ce tun da kankare ne ya dame ni in je Audinghen can arewa kusa da Calais in ga Batterie Todt, inda aka girke igwogi masu milimita 380 da ke harba harsashi ya tsallake teku ya sauka a Dover ta Ingila, ɗaya daga cikin ɗakunan an mayar da shi gidan tarihi. Na riga na ce ma yaron ya duba mana jirgin ƙasa na hutun da ke tafe, wannan karon zan tafi da tef ɗin awona a aljihu.